Darussan Dokar Gama-Gari a Farkon Koyar da Aikin Lauya a Amurka

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Duk fannin ilimin da ake koyarwa a aji a yau, da manhajarsa da littattafansa da jarrabawarsa, akwai lokacin da yake a warwatse, sai da wasu malamai suka tattara shi, suka karkasa shi, suka yanke abin da za a fara da shi da abin da za a jinkirta. Ilimin shari'a a ƙasar Amurka kyakkyawan misali ne na irin wannan aiki. A shekarar 1776 yankuna goma sha uku na Amurka suka ayyana 'yancin kansu daga mulkin Birtaniya, amma ba su yar da dokar Ingila ba. Ɗaya daga cikin manyan dalilan hakan shi ne, ita ce dokar da aka koya wa lauyoyinsu, ita kuma suka ci gaba da koya wa na bayansu.

Wannan babi zai duba darussan da aka riƙa koyar da masu neman zama lauya a Amurka daga wajejen 1770 zuwa 1870. Ana sa ran bayan nazarinsa ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar dokar gama-gari;
(b) kawo manyan darussan da aka koyar da abin da kowane ya ƙunsa;
(c) nuna yadda buƙatun al'umma suke tasiri a kan tsarin manhaja.

2.0 Ma'anar Dokar Gama-Gari

Dokar gama-gari ita ce dokar da ta tsiro daga hukunce-hukuncen alƙalan sarki a Ingila, saɓanin wadda majalisa take zama ta rubuta. Bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, musamman a zamanin Sarki Henry na Biyu (1154–1189), an riƙa tura alƙalai daga fada suna zagaya larduna suna yanke shari'a. Kafin wannan lokaci kowane yanki da tasa al'adar. Sannu a hankali hukuncin waɗannan alƙalai ya zama bai ɗaya a duk faɗin ƙasar, shi ya sa aka kira dokar da gama-gari.

Dokar tana da ginshiƙai biyu. Na farko shi ne bin hukuncin magabata, wato alƙali ya duba yadda aka yanke shari'a makamanciyar wadda ke gabansa, ya bi sawu. Na biyu shi ne takardar izinin ƙara. Ba a shiga kotun sarki sai da wannan takarda, kuma kowace irin ƙara da tata takardar da kalmominta. Wanda ya ɗauko takardar da ba ta dace da kokensa ba, ya faɗi ko da shi ke da gaskiya. Ke nan dokar ba ta cikin kundi ɗaya. Tana warwatse ne cikin tarin mujalladan rahoton shari'u, a jere bisa nau'in ƙara. Babban ƙalubalen mai koyar da ita shi ne ta ina zai kama.

3.0 Koyo a Hannun Ubangida

Kafin a sami makarantu, wasu 'ya'yan masu hannu da shuni, musamman daga kudu, sukan tafi Landan su yi karatu a zaurukan lauyoyi na can. Mafi yawan matasa kuwa a gida suke koyo. Saurayi yakan biya wani gogaggen lauya kuɗi ya zauna a ofishinsa na wasu shekaru, yana kwafe wasiyyoyi da takardun cinikin filaye da hannu, in ya sami sarari ya buɗe littattafan ubangidansa. John Adams ya yi irin wannan zama a wurin James Putnam daga 1756 zuwa 1758, shi kuma Thomas Jefferson ya yi nasa a wurin George Wythe. Dukkansu biyu sun shugabanci Amurka daga baya.

Illar wannan hanya ita ce rashin tsari. Idan ubangida mai kula ne, yaro ya dace. Idan harkokinsa sun sha masa kai, sai yaro ya ƙare a matsayin magatakarda. Littafin da aka fi ɗora wa mai koyo shi ne sharhin da Edward Coke ya wallafa a 1628 a kan tsohon littafin Littleton na mallakar ƙasa. Littafi ne mai tsauri, cike da tsohon Faransanci da Latinanci, wanda ya sa matasa da dama suka karaya tun ba a je ko'ina ba.

4.0 Tsarin Blackstone

Sauƙi ya zo ne daga Jami'ar Oxford. William Blackstone, wanda ya zama shehun malamin dokar Ingila a can a 1758, ya mayar da laccocinsa littafin sharhi a kan dokokin Ingila mai mujalladi huɗu, aka buga tsakanin 1765 da 1769. Ya kasa dokar gida huɗu kamar haka:

(i) haƙƙoƙin mutane;
(ii) haƙƙoƙin da suka shafi dukiya;
(iii) cutarwar da mutum yake yi wa mutum;
(iv) laifuffukan da ake yi wa al'umma.

Wannan rabe-rabe shi ne ya zama ƙashin bayan manhajar farko a Amurka. An sake buga littafin a Philadelphia a 1771–1772, ya kuma sami karɓuwa ƙwarai, domin mutum yana iya ɗaukarsa a jakar sirdi ya karanta shi kaɗai. Ta wannan hanya ce Abraham Lincoln ya koya wa kansa doka har ya sami lasin a 1836.

A 1779 Kwalejin William da Mary ta jihar Virginia ta naɗa George Wythe shehun malamin doka, shi ne na farko a ƙasar. Ya ɗora koyarwarsa a kan Blackstone, ya ƙara da kotun gwaji da majalisar gwaji. John Marshall, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Amurka daga 1801 zuwa 1835, ya halarci laccocinsa na ɗan lokaci a 1780. Magajin Wythe a kujerar, St. George Tucker, ya fitar da nasa bugun na Blackstone a 1803, tare da bayanan inda dokar Virginia da tsarin mulkin Amurka suka saɓa wa ta Ingila.

5.0 Makarantar Litchfield

Makarantar da ta fi tasiri a wannan zamani tana wani ƙaramin gari ne mai suna Litchfield a jihar Connecticut. Wani lauya, Tapping Reeve, ya fara karɓar ɗalibai a gidansa a 1774, kuma ɗalibinsa na farko shi ne ɗan'uwan matarsa, Aaron Burr. Da suka yi yawa, sai ya gina musu ɗaki guda a gefen gidan a 1784. A 1798 ya ɗauki tsohon ɗalibinsa James Gould ya taya shi koyarwa.

Reeve da Gould sun kasa dokar zuwa kanu arba'in da takwas, ana kammala su cikin wata goma sha huɗu. Kullum malami yakan yi lacca ta kimanin awa ɗaya da rabi, yana faɗin ƙa'ida, yana ambaton shari'un da suka tabbatar da ita, ɗalibai suna rubutawa. Daga nan su je su duba shari'un, su sake kwafe bayanan da kyakkyawan rubutu, har su tashi da manyan mujalladai kimanin biyar da za su yi aiki da su tsawon rayuwa. Ana jarrabawa duk ranar Asabar, ana kotun gwaji duk mako. Kuɗin makaranta dala 100 ne a shekarar farko, dala 60 a ta biyu.

Kafin a rufe ta a 1833, ɗalibai sama da dubu sun ratsa ta. Daga cikinsu an sami mataimakan shugaban ƙasa biyu, wato Aaron Burr da John C. Calhoun, da alƙalan Kotun Ƙoli uku, da 'yan majalisar tarayya fiye da ɗari. Haka kuma Horace Mann, wanda ya jagoranci kafa makarantar horon malamai ta gwamnati ta farko a Amurka a garin Lexington a 1839, shi ma ɗalibinta ne.

6.0 Manyan Darussan da Aka Koyar

Idan aka tattara kanun da aka koyar a Litchfield da sauran wurare, za a iya kasa su gida bakwai.

6.1 Mallakar Ƙasa da Gado

Wannan ne darasi mafi nauyi, domin mafi yawan Amurkawan lokacin manoma ne, ƙasa kuma ita ce dukiya. Ɗalibi yakan koyi matakan mallaka: akwai cikakkiyar mallaka wadda ake gada ake kuma sayarwa, akwai wadda aka ɗaure ga zuriya ɗaya ba ta fita daga cikinta, akwai kuma ta tsawon rai kawai. Yakan koyi cewa matar mamaci tana cin amfanin sulusin filayen mijinta har ƙarshen rayuwarta. Ana haɗa masa da rubuta takardar ciniki, da jingina, da wasiyya, da aikin wasiyyi.

A nan ne bambancin ƙasashen biyu ya fara fitowa fili. A Ingila ɗan fari namiji ne yake gaje ƙasa idan babu wasiyya. Virginia ta soke ɗaure ƙasa ga zuriya ɗaya a 1776, ta kuma soke fifikon ɗan fari a 1785. Saboda haka malami yakan kawo ƙa'idar Ingila tukuna, sannan ya nuna inda jiha ta kauce mata.

6.2 Zamantakewar Iyali

An gina wannan darasi a kan dangantaka huɗu: miji da mata, iyaye da 'ya'ya, mariƙi da ɗan riƙo, ubangida da bara. A 1816 Reeve ya wallafa littafi a kansu. Ƙa'idar da ta fi jan hankali ita ce ta matar aure. A idon dokar gama-gari, miji da mata mutum ɗaya ne, mijin kuma shi ne wakilin wannan mutum. Don haka matar aure ba ta ƙulla yarjejeniya da sunanta, ba ta kai ƙara ita kaɗai, kuɗinta da kayan hannunta suna komawa ga miji, shi ne kuma yake karɓar amfanin filinta. An daɗe ana koyar da wannan kafin jihohi su fara gyara, kamar Mississippi a 1839 da New York a 1848.

Babin ubangida da bara ya shafi 'yan ƙodago da yaran da ke koyon sana'a. Su kuwa bayi a jihohin kudu, dokokin jihohin ne suka yi musu matsayi, suka lissafa su cikin dukiya.

6.3 Yarjejeniya da Ciniki

Blackstone bai ba yarjejeniya wani fili mai yawa ba. Ya kawo ta ne a matsayin ɗaya daga hanyoyin mallakar kaya. Amma da kasuwanci ya bunƙasa a tasoshin jiragen ruwa irin su Boston da New York, sai malaman Amurka suka faɗaɗa ta. Ɗalibi yakan koyi cewa alkawari ba ya zama tilas a kotu sai in akwai abin musaya, wato kowane ɓangare ya ba da wani abu ko ya ɗauki wani nauyi, ko kuma an buga wa takardar hatimi. Yakan kuma koyi wata dokar Ingila ta 1677 wadda ta wajabta rubuta wasu yarjejeniyoyi, kamar cinikin ƙasa.

Ƙarƙashin wannan darasi akwai ajiya, da haɗin jari, da wakilci, da takardun bashi, da inshorar jiragen ruwa. A babin ajiya, nauyin da ke kan mai riƙe da kayan wani ya danganta da wanda ke cin moriyar ajiyar. Mai masauki da mai dakon kaya kuwa an tsananta musu: idan kayan baƙo suka ɓace a hannunsu, galibi sai sun biya ko da ba su yi sakaci ba.

6.4 Ta'adi da Cutarwa

A wancan zamani babu darasi guda mai wannan suna. Ana koyar da shi ne a rarrabe bisa takardun izinin ƙara: duka, da shiga gonar wani, da riƙe kayan wani, da ɓata suna. Akwai wani tsohon misali da malamai suke bayarwa. Idan mutum ya jefa gungume a kan hanya ya sami wani, cutarwa ce ta kai tsaye, tana da tata takardar. Idan kuwa gungumen ya riga ya faɗi, daga baya wani ya yi tuntuɓe da shi, cutarwa ce ta bayan fage, takardarta daban. Lauyan da ya rikita su ya jawo wa mai ƙara asara.

Tunanin sakaci a matsayin ma'auni ya ƙarfafa ne daga baya. A 1850, a jihar Massachusetts, wani mutum ya ɗaga sanda zai raba karnuka biyu da ke faɗa, sandar ta sami idon mai ɗaya karen. Mai Shari'a Lemuel Shaw ya yanke cewa babu diyya sai an nuna mai sandar ya gaza yin taka-tsantsan irin na mai hankali. Littafin farko na Amurka a kan wannan fanni ya fito a 1859.

6.5 Tsara Ƙara da Shaida

Lauyoyin lokacin suna ɗaukar tsara ƙara a matsayin ma'aunin gwaninta. Mai ƙara ya rubuta kokensa, wanda ake ƙara ya mayar da martani, mai ƙara ya sake amsawa, haka za a yi ta musayar takardu har a tsaya a kan batu ɗaya tak da ake jayayya a kansa. Idan batun na doka ne, alƙali ya yanke. Idan na gano abin da ya faru ne, a miƙa wa juri, wato mutum goma sha biyu daga cikin jama'a da aka rantsar. James Gould ya shahara a wannan darasi, ya kuma wallafa littafi a kansa a 1832.

A ɓangaren shaida, ba a karɓar ji-ta-ji-ta, miji da mata ba sa ba da shaida a kan juna, kuma duk mai wata moriya a shari'a ba ya rantsuwa ya yi shaida, har da masu shari'ar kansu. Sai a 1864 jihar Maine ta buɗe ƙofa ga duk wanda ake tuhuma da laifi ya yi wa kansa shaida.

6.6 Dokar Daidaito

Tsaurin takardun ƙara ya sa tun da daɗewa mutanen Ingila suke kai kuka ga sarki, shi kuma ya miƙa wa babban jami'insa mai riƙe da hatimi. Daga nan aka sami wata kotu daban mai duba adalcin al'amari. Kotun gama-gari diyyar kuɗi ta fi bayarwa, ita kuwa wannan tana iya tilasta wa mutum ya cika ciniki, ko ta hana shi wani aiki, ko ta kare dukiyar amana, ko ta ba mai jingina damar fansar filinsa bayan wa'adi ya wuce. Wasu jihohi, kamar New York, sun kafa irin wannan kotu. Wasu kuma sun yi ɗari-ɗari da ita saboda ba ta aiki da juri.

6.7 Laifuffuka

Wannan darasi bai kai na dukiya da ciniki faɗi ba. Ana koyar da ma'anar manyan laifuffuka kamar yadda alƙalan Ingila suka iyakance su: kisan kai, da fashi, da sata, da ƙone gida, da fasa gida. Misali, fasa gida shi ne a ɓalle a shiga gidan kwanan wani da dare da niyyar aikata babban laifi. Idan sharaɗi ɗaya ya faɗi, laifin ya canza suna. A 1812 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kotunan tarayya ba su da ikon hukunta laifin da majalisa ba ta rubuta ba.

7.0 Sauye-Sauyen da Suka Biyo Baya

Ba kowa ne ya yi na'am da dogaro ga dokar tsohuwar uwargijiya ba. Jihohin New Jersey da Kentucky da Pennsylvania sun taɓa hana ambaton hukunce-hukuncen da kotunan Ingila suka yanke bayan 1776. A 1829 Mai Shari'a Joseph Story ya bayyana matsayar da aka zauna a kai, cewa Amurkawa sun ɗauki abin da ya dace da halinsu ne kawai daga dokar Ingila. Jihar Louisiana kuwa ta riƙe tsarin da ta gada daga Faransa da Sifaniya a harkokin dukiya da iyali.

Jami'ar Harvard ta buɗe makarantar lauyoyi a 1817, Story ya fara koyarwa a can a 1829, ya kuma rubuta littattafai a kan ajiya da daidaito da wakilci da tsarin mulki. James Kent ya fitar da sharhin dokokin Amurka mai mujalladi huɗu tsakanin 1826 da 1830. Da ilimin ya shiga ɗab'i, jami'o'i kuma suna ba da digiri, sai darajar bayanan hannu na Litchfield ta ragu. A 1848 jihar New York ta soke tsofaffin nau'o'in ƙara. A 1870 Christopher Columbus Langdell ya zama shugaban makarantar Harvard, ya kawo dabarar sa ɗalibi ya karanta shari'u da kansa ya tsamo ƙa'ida ta hanyar tambaya da amsa. Har yau yarjejeniya da dukiya da ta'adi da laifuffuka da tsarin ƙara su ne jigon shekarar farko a makarantun lauyoyi na Amurka.

Ya kamata a lura da waɗanda aka bari a waje. Baƙar fata na farko da ya sami lasin lauya shi ne Macon Bolling Allen a 1844, mace ta farko kuma Arabella Mansfield a 1869. Waɗanda wasu babukan manhajar suka fi ƙuntata wa, su ne ba su cikin aji lokacin da ake karanta su.

8.0 Dangantaka da Nijeriya

Nijeriya ma ta gaji dokar gama-gari ta hanyar mulkin mallakar Birtaniya, tare da dokar daidaito da wasu dokokin majalisar Ingila da ke aiki ranar 1 ga Janairu, 1900. Shi ya sa ɗalibin shari'a a jami'o'inta yake karanta yarjejeniya da ta'adi da shaida da daidaito, a wasu jami'o'in Arewa kuma a haɗa masa da shari'ar Musulunci. Jamhuriyar Nijar kuwa tsarin Faransa na rubutattun kundaye ta gada.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga yadda Blackstone da Wythe da Reeve da Gould suka mayar da tarin hukunce-hukunce darussan da za a iya koyarwa a aji. An ga kuma cewa girman kowane darasi ya bi buƙatar zamaninsa: ƙasa ta yi rinjaye a lokacin noma, yarjejeniya ta faɗaɗa da bunƙasar ciniki. Abin da malamai biyu suka zaɓa suka karantar a ƙaramin garin Litchfield ya bi ɗalibansu zuwa kotuna da majalisu, da alherinsa da naƙasunsa. Malami mai tsara darasi yana buƙatar ya riƙa tambayar kansa abin da ya sa a gaba, da abin da ya bari, da kuma wanda zaɓin nasa zai shafa.

10.0 Auna Fahimta

1. Mece ce dokar gama-gari? Kawo ginshiƙanta biyu.
2. Kwatanta koyo a hannun ubangida da tsarin makarantar Litchfield.
3. Zaɓi darussa uku daga cikin bakwai ɗin da aka kawo, ka yi bayaninsu da misalai.
4. Waɗanne dalilai ne suka rage darajar makarantar Litchfield?
5. Tattauna yadda buƙatun al'umma suke sauya manhaja, tare da misali daga darasin Hausa.